Robinen Ƙarƙashin Kujera

Ba zan yi ƙarya ba, na so motar nan. Ranar da maigidana ya shigo da ita unguwarmu a nan Dakwaro, ina tsakar gida ina matsar ƙuli-ƙuli, na fito da mai a hannu har gwiwar hannu, na tsaya ƙofar gida ina washe baki kamar ni aka saya wa. Kat-kat ce, irin mai shiga yashi da daji, fara mai buɗaɗɗen baya, ƙirar Japan, wadda wani foroje na ayyukan raya karkara ya gama aiki da ita ya sayar. Ta tsufa, amma tsufan mai lafiya. Malam, wato maigidan nawa, ya daɗe yana tuƙa motocin mutane, sai ga shi yau makulli na aljihunsa, babu mai kiransa da yamma ya ce kawo.

Aikinsa bin kasuwanni ne. Yau Korahane, gobe Ajekoriya, jibi ya nausa arewa wajen makiyaya da buhunan hatsi, ya dawo da awaki da cuku da mutane zaune a kan kaya. Gyaɗata ma ita ke kawo mini har ƙofar gida. Yashin da ke riƙe wasu motoci su wuni ana haƙa ana zufa, ita wucewa take kamar ba ta san da shi ba.

Malam kuwa ya ishe mu da tarihinta. Wani ma'aikacin forojen ne ya ba shi labarin, shi kuma ya haddace shi, yana karanta mana bayan la'asar ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Wai mutanen da suka ƙera ta ba da mota suka fara ba, da injin saƙa suka fara. Uban ne ya yi wa masaƙa inji, ɗansa ne ya juya zuwa ga mota, mutane suna yi mashi dariya, har aka wayi gari motocinsu sun cika duniya. To shi mahaifin Malam, Allah ya jiƙansa, masaƙi ne, sai abin ya zame mashi zumunta. Ya ce, "Ni da su gida ɗaya muka fito, ke ba za ki gane ba." Na ce, "To ka aika masu su zo suna, tunda dangi ne." Abin da ya fi burge shi, wai injin saƙar nan in zare ɗaya ya tsinke tsayawa yake da kansa, ba ya ci gaba da saƙa ɓarna. Wannan na ji shi har na gaji.

Shekara biyu muna cikin rufin asiri, sannan hanya ta fara lalacewa. Aka fara jin an tare wane, an sauke mutane an tafi da mota. Da farko can nesa ake faɗi, wuraren da ko sunansu ban iya kamawa ba. Daga baya sai ka ji an ambaci mutumin da ka san matarsa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne 'yan bindigar nan zaɓe suke yi. Ba ruwansu da tsofaffin motocin da ke tari suna hayaƙi. Irin tamu suke nema, ita ce ba ta mutuwa a daji, ita ce kayan gyaranta ke ko'ina. Abin da Malam ke yabo a jikinta, shi ne dai abin da su ma suka gani.

Direbobi suka shiga dabaru. Wanda ke wanke mota kullum ya daina. Malam da kansa ya ɓamɓare tambarin gabanta, ya shafa mata baƙin mai a ƙofofi, ya ɗaure murfin baya da igiya alhali lafiyarsa ƙalau, don dai ta yi kama da abin da ba a so. Na gan shi ya ɗauki dutse zai lotsa mata gefe, ya ɗaga hannu ya sauke, ya ɗaga ya sauke, a ƙarshe ya ajiye dutsen ya shiga ɗaki. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni robine ne.

Ƙanena makanike ne, garejinsa na kusa da tasha, shi ya sa wa Malam robinen. Ɗan famfo ne ƙarami da bai fi babban yatsa ba, aka yanke tiyon mai aka dasa shi a ɓoye ƙarƙashin kujerar direba. In a buɗe yake, mota na tafiya yadda ta saba. In aka murɗe shi, za ta tashi, za ta yi tafiya kaɗan da ɗan man da ya rage a tiyo, sannan ta mutu murus, ko wa ya zo ba za ta motsa ba. Malam ba ya tuƙi da takalmi, ƙarƙashin kujera yake tura su. Saboda haka in an tare shi aka ce ya sauka, zai sunkuya kamar mai ɗaukar takalmi ya murɗe robinen. Su tafi, ta mace masu a gaba kaɗan, su gaji su bar ta, shi kuma ya je ya ɗauko abarsa. Ya gwada sau ɗaya ranar da aka sa, ta mutu daidai bayan makarantar boko, ya dawo gida yana dariya. Ya ce, "Kin gani? In zare ya tsinke, tsayawa take. Halin gidansu ne."

Na ce, "Malam, in ta mutu a hannunsu, wa za su dawo su nema?"

Ya ce, "Kafin su dawo na ɓace."

"Ka ɓace ina? A filin da ake hango raƙumi tun yana kamar kaza?"

Ya ce in bar mashi maganar mota, ni in riƙe ta ƙuli-ƙuli. Na haɗiye, amma ba ta wuce ba.

Ba a yi wata ba wata mata daga wajen Ajekoriya da ke sarin man gyaɗa a wurina ta zo da labarin maƙwabcinsu. Shi ma irin dabarar aka yi mashi, kuma ta yi aiki yadda aka tsara, motar ta mutu. Mutanen suka dawo a ƙafa, suka same shi bai yi nisa ba. Ba ta faɗa mini yadda aka ɗauko shi ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dai ce matarsa na cikin takaba. Ina auna mata mai, sai na zubar a ƙasa.

Da Malam ya dawo na faɗa mashi. Ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya ce wancan kuskure ya yi, nasa robinen kusa yake kashewa, namu sai an yi nisa. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi kwana biyu ba na amsa mashi magana sai da kai. Na ce ya sayar da ita ya sayi mai hayaƙi. Ya dube ni kamar na ce ya sayar da ɗaya daga cikin yaranmu. Na ce to ya cire robinen, in sun zo su ɗauka su tafi, mota dai ƙarfe ce. Ya ce, "Ƙarfen nan ne ke cika maki tukunya." Wallahi na ji haushin maganar nan, don gaskiya ce.

Tun daga nan kowace fita tasa ta zame mini ciwo. Salula na ɗaure a bakin zane, ina suya ina taɓa ta. In na kira aka ce babu rezo, kira ba ya shiga, sai in zauna a kan turmi in kasa tashi. Mijina nake tsoron a kashe mini a kan ɗan famfon da bai kai yatsa ba, kuma babu wanda zan gaya wa ya ji.

Ranar da ya kai motar gareji a canza mata baƙin mai, ya bar ta ya tafi jana'iza, na yafa gyale na bi bayanta. Na sami ƙanena kwance a ƙarƙashinta, na shuri ƙafarsa.

Ya leƙo ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Fito. Abin da ka sa za ka kashe."

Na gaya mashi abin da nake so. Ya ja sabon tiyo ta bayan robinen yadda mai zai wuce kai tsaye, ya bar robinen a wurinsa, yana murɗuwa kamar da, amma ba ya tare komai. Ya dafe kai. Ya ce, "Yaya, wannan cin amana ne. In ya gane, ni da shi har abada." Na ce, "In aka kawo mini shi a tabarma fa, ni da kai har yaushe? Kai ka sa, kai za ka riƙe mini marayun?" Ni na goye shi yana ƙarami, ya san ba na faɗin magana in janye. Ya yi ta gunaguni yana aikin, ni ina tsaye a kansa ina duban hanya. Da ya gama ya ce, "Ba ni a ciki." Na ce, "Kana ciki har wuya."

Na ɗauka zan sami sauƙi, sai na sami sabon abin tsoro. Malam kullum in ya ajiye mota yana murɗe robinen, da safe ya buɗe. Ranar da duk ya manta bai buɗe ba ya ga mota na tafiya, asirina ya tonu. Sai na koma mai gadin abin da na kashe da hannuna. In zai fita in ce, "Malam, ka buɗe?" Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe na fara hankali. Gwadawa kuwa ba ya yi, don in man ya yanke iska ke shiga, sai an sha wahala kafin ta sake tashi. Wani lokacin da yamma sai in hango shi cikin motar shi kaɗai yana koyon abin: ya ɗaga hannu sama, ya sunkuya, ya ɗauko takalmi, ya sauko. Ya maimaita ya maimaita har ya ƙware. Ina kallo daga bakin murhu, kunya da tausayi suna cina.

Haka muka yi wata bakwai.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko kaji ba sa fitowa daga gindin randa. Ya fita da safe zuwa wata kasuwa ta arewa. Wajen azahar maƙwabciyata, wadda ta bi shi za ta sari cuku, ta faɗo mini gida babu gyale, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ban bari ta yi sallama ba na ce, "Ina shi?"

Ta ce, "Yana da rai, ki kwantar da hankalinki, ba su taɓa kowa ba."

Ta ce 'yan bindiga ne suka tare su, su huɗu a kan babura biyu, suka fito daga bayan wani tudu tun da hantsi. Suka sauke kowa, suka karɓe salula, suka zubar da buhuna, biyu suka shiga motar suka yi gabas. Malam ya sauko da takalmansa a hannu, bai yi gardama ba. Na ce alhamdu lillahi. Abin da na roƙa ke nan, su ɗauka su tafi.

Na ce, "To yana ina? Wajen jandarma?"

Ta ce, "A'a. Ya bi sawun motar."

Ban gane ba sai da ta maimaita. Wai da ƙurarsu ta lafa, Malam ya ce wa mutane kowa ya koma bakin babbar hanya ya nemi abin hawa, shi zai bi sawu daga nesa. Ya ce motar ba za ta wuce tudu biyu ba, zai laɓe har su gaji su bar ta. Suka ce ya ɗauki ruwa, ya ce na mene ne, ai nan ne kusa.

Wayyo Allah. Wata bakwai ina juya abin nan a raina ta kowane gefe, ban taɓa juyo wannan gefen ba. Na yi lissafin 'yan bindiga, ban yi lissafin mijina ba. Yana can cikin rana yana bin motar da ya tabbata za ta tsaya, ni kuwa na san ba za ta tsaya ba sai tankinta ya ƙare, kuma jiya ya cika shi.

Ban san yadda na isa tasha ba. Na sami direbobi cike a rumfar sarkin tasha, labari ya riga ni. Abin mamaki, hankalinsu kwance. Wani har yana cewa Malam ya iya shege, yanzu za a ga ya shigo da ita yana hon. Duk sun san da robinen, rabinsu ma suna da irinsa. Ƙanena na tsaye a gefe ya sunkuyar da kai, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Na durƙusa na gaida sarkin tasha, dattijo ne sa'an mahaifina. Na ce, "Baba, a tura mutane su bi shi."

Ya ce, "'Yata, yi haƙuri. An gaya wa jandarma. Shi kuma ya san abin da yake yi. In muka tura babura yanzu, mutanen nan na tsaye a kan mota suna fama da ita, ƙarar za su ji, mu jawo mashi abin da ba ya nan. A bari rana ta yi sanyi."

Maganarsa daidai ce, da robinen na aiki. Na dubi ƙanena, bai ɗago ba. Na dubi mazan nan, fiye da ashirin, abokan mijina, waɗanda gobe za su zauna da shi a rumfar nan. Na san in na buɗe baki na tsiraita shi a gabansu, mutumin da matarsa ta shiga ƙarƙashin kujerarsa bai sani ba. Na san kuma wataƙila aurena ne zan faɗa da bakina. Sai na tuna ko goran ruwa babu a hannunsa.

Na ce, "Baba, motar ba za ta tsaya ba."

Ya ce, "Kamar yaya?"

"Robinen ba ya aiki. Ni na sa aka kashe shi, tun kafin azumi. Shi bai sani ba."

Wani ya ce, "La ilaha illallahu." Wani daga baya ya ce, "Mace!" Na juya na ce, "E, mace. Ka tashi ka ɗauko bidon ruwa, ka zage ni in mun dawo da shi." Ƙanena ya matso ya ce gaskiya ne, da hannunsa ya ja tiyon. Sarkin tasha ya miƙe, ya kira 'yan kabu-kabu huɗu masu babura da suka san dajin, aka ɗaura bidunan ruwa, ƙanena ya hau bayan ɗaya suka tafi.

Ban koma gida ba. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi a bakin tasha, mata masu abinci suna kallona suna magana ƙasa-ƙasa, ban damu ba. Ina ta ƙirga tun hantsi zuwa yanzu, mutum mai shekarunsa, a ƙafa, a wannan rana. In ya faɗi a inda babu inuwa fa? In mutanen sun tsaya hutawa ya faɗa kansu fa? Duk ta inda na bi, ni ce a ƙarshen hanyar. Na yi niyyar raba shi da 'yan bindiga, na tura shi bayansu da ƙafarsa. Aka kira la'asar na tashi na yi, ban san me na karanta ba.

Rana ta yi ja sannan na ji ƙarar babura. Na hango Malam a tsakiya, ƙanena na riƙe da shi ta baya kada ya faɗi. Wani Bafillace mai shayar da shanu ne ya tsince shi a gindin aduwa, nesa ƙwarai da inda aka tare su, ya ɗura mashi ruwa da nono, ya ajiye shi a bakin rijiya har masu nema suka iso. Leɓunansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Takalmi ɗaya ya tsinke a hanya, ya ɗaure ƙafar da hularsa.

Aka ce a kai shi gidan likita, ya ce gida. Mutane suka rako shi har ƙofa, suka yi jaje suka watse da wuri, kowa ya san akwai maganar da ba tasa ba. Na tura yara gidan maƙwabta. Na dafa ruwa na sa gishiri, na kawo a kwano, na durƙusa na sa ƙafafunsa a ciki. Tafin ya yi ƙuraje ya fashe, ƙaya ta shiga ta ko'ina. Na ɗauko allura ina cirewa ɗaya ɗaya. Ƙanena ya riga ya gaya mashi a hanya, na gani a fuskarsa. Jira nake ya ce in tattara kayana.

Ya dubi bango ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin azumi."

"Kullum kina tambayata ko na buɗe."

"E."

Na ce, "Malam, na cuce ka yau, na sani. Saura kaɗan in kashe ka. Amma ba zan ce maka na yi nadamar kashe robinen ba, don ƙarya zan yi."

Ya ce, "Tudu na farko na hau da gudu. Na ce tana baya. Na biyu ma haka. Na uku na fara zagin ƙanenki." Ya tsaya ya haɗiyi yawu da ƙyar, na miƙa mashi ruwa ya kurɓa. "Can da rana ta take, na ga inda suka tsaya suka sauka. Sawun ƙafafunsu duk ga shi, da kwanson harsashi a yashi, ban san me suka harba ba. Na tsaya ina dubawa. Sai na ce a raina, to in na hau tudun can na same ta fa? Ai ba ita kaɗai zan samu ba."

Na daina cirar ƙayar.

Ya ce, "Komawa ta gagare ni, ban san hanya ba sai sawun. Na ci gaba da bi. Amma daga nan duk tudun da zan hau, roƙon Allah nake kada in gan ta."

Ya rufe ido ya jingina da bango. Ban san ko yafiya ce ba, har yau ban tambaye shi ba. Ruwan ya huce, na ɗauki kwanon na je na ƙaro mai zafi, na dawo na kama ɗaya ƙafar.